Me Ya Sa Zafi Ke Miƙar da Ƙarfe, Sanyi Kuma Ke Kumbura Ruwa?

Idan kuna kwana a ɗaki mai rufin kwano, kun san ƙarar nan ta ƙas-ƙas da rufin ke yi da hantsi idan rana ta fara dukansa, ya kuma sake yin ta da yamma idan gari ya fara sanyi. Kwanon ne da kansa yake miƙewa yana gogar ƙusoshin da suka riƙe shi, daga baya ya koma ya tsuke. Haka kuma duk mai sana'ar zoɓo ko kunun aya ta san abin da ke samun gorar da aka cika har baki aka manta da ita a firiza. Sai a tarar ta yi ciki, murfinta ya ɓalle, in kuwa kwalba ce ta tsage gida biyu.

Abubuwan nan biyu kamar suna karo da juna. Ƙarfe zafi ne ke ƙara masa girma, ruwa kuma sanyi ne ya kumbura shi. Dukansu gaskiya ne, kuma dalilinsu ba shi da wuyar fahimta idan aka bi shi daki-daki.

Me ke faruwa a cikin abu idan ya yi zafi?

Duk abin da kuke iya taɓawa, ƙarfe ne ko dutse ko ruwa ko iska, tarin wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin zarra. Ƙwayoyin nan ba sa zama shiru. Ko a cikin guduma da ke ajiye a ƙasa, kowace ƙwaya tana karkarwa a inda take. Abin da muke ji a hannu mu ce zafi, ƙarfin wannan karkarwa ne. Idan abu ya yi zafi karkarwar ta ƙaru, idan ya huce ta ragu.

To me ya haɗa karkarwa da ƙarin girma? Ƙwaya tana samun sauƙin ja da baya daga maƙwabciyarta fiye da kutsawa cikinta, domin idan suka matsu sosai sai su ture juna da ƙarfi. Saboda haka duk lokacin da karkarwar ta tsananta, tazarar da ke tsakaninsu sai ta ɗan ƙaru. Tazarar ƙwaya ɗaya ba komai ba ce, amma idan aka tara ta biliyoyin ƙwayoyi da ke jere a tsawon sandar ƙarfe, sai a iya auna ta da tef.

Ku lura da abu biyu. Ƙwayoyin kansu ba sa kumbura, filin da ke tsakaninsu ne yake ƙaruwa. Kuma nauyin abin bai canja ba. Ƙarfe mai kilo 5 da sanyi, kilo 5 ne da zafi.

Nawa ne ƙarin?

Kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ido ba ya kama shi. Sandar ƙarfe mai tsawon mita 1 tana ƙara kusan milimita 0.012 a duk digiri 1 na ma'aunin Salshiyos. Digiri shi ne matakin awon zafi: ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100. Jan ƙarfen wayar lantarki yana ƙara kusan 0.017, alminiyam kuma kusan 0.023, wato ninki biyu na ƙarfe. Gilashin kofi da na taga yana wajen 0.009.

Lissafin yana fara nauyi ne idan abin ya yi tsawo. Ɗauki fallen kwanon alminiyam mai mita 10. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, kwanon da ya kwana da sanyin asuba zai iya ƙara digiri 40 kafin azahar. Wannan ya isa ya ƙara masa kusan santimita 1. Hasumiyar Eiffel da ke birnin Paris, wadda aka kammala a 1889 da zallar ƙarfe, tsawonta ya haura mita 300, kuma tana iya ƙara kusan santimita 15 tsakanin tsananin sanyi da tsananin zafi.

Abubuwa masu ruwa-ruwa sun fi ƙarfe buɗewa nesa ba kusa ba, iska kuma ta fi su duka. Iskar da aka ɗumama daga digiri 27 zuwa 57 tana neman ƙarin wuri na kashi 10 cikin 100. Idan ba ta samu wurin ba, sai ta huce a kan bangon abin da ya tsare ta.

In dai kaɗan ne, me ya sa ake damuwa da shi?

Saboda ƙarfinsa. Ƙarin ƙanƙane ne, amma kusan babu abin da zai iya hana shi. Idan kuka ɗaure ƙarfen layin dogo ta kai da gindi kuka hana shi miƙewa, sannan rana ta ƙara masa digiri 30, zai riƙa tura abin da ya tokare shi da ƙarfin da ya wuce nauyin tan 50. Abin da zai biyo baya ɗayan biyu ne: ko abin da ya tokare shi ya karye, ko shi ƙarfen ya gantsare gefe. Jirgin da ya hau layin da ya gantsare yana iya sauka daga kansa.

Shi ya sa a tsohon layin dogo, irin wanda ya iso Kano a 1911, ake barin ɗan giɓi tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Giɓin ne ke sa ƙafafun jirgi yin ƙarar nan mai maimaituwa da duk wanda ya taɓa hawansa ya sani. A layukan zamani sau da yawa akan yi wa ƙarafan walda su zama dogon zare guda, amma sai an ja su an ɗame kafin a ɗaure su da ƙarfi a kan kankare da tsakuwa, ta yadda zafin rana zai fara cinye wannan ɗamewar kafin ya fara turawa.

Idan kuka hau doguwar gada a mota za ku ji taya tana taka wani layin ƙarfe da ya ratsa titi, wani lokaci mai kama da haƙoran matsefi biyu da suka shiga juna. Wurin numfashin gadar ke nan. Wayoyin lantarki ma da gangan ake barinsu da ɗan sassauci tsakanin turke da turke. Da bazara za ku ga sun ƙara saukowa, da hunturu su ɗan ɗame. Da an ja su tsam a ranar zafi, da sanyin dare ya tsinka su ko ya karkata turakun.

A gida ma haka ne. Daɓen siminti mai faɗi da aka zuba ba tare da an yanka masa layuka ba, shi zai yanka wa kansa, kuma ba a inda kuke so ba. Tayil ɗin da aka jera baki da baki har jikin bango, rana ɗaya sai a ji ƙara a falo a tarar tsakiyarsa ya tashi. Gwanin magini yana barin 'yar tazara, kuma bai kamata mai gida ya ɗauki wannan a matsayin rashin iya aiki ba.

Akwai wata dacewa da gine-ginen zamani suka dogara a kanta: kankare da rodi kusan awo ɗaya suke buɗewa. Da ɗaya ya fi ɗaya sosai, da kowace bazara rodin zai riƙa ɓantarar kankaren daga ciki, da kuma ba a yi bene da gada irin na yau ba.

Me ya sa kofin gilashi ke tsagewa idan aka zuba masa ruwan zafi?

Gilashi ba ya saurin wuce da zafi. Idan tafasasshen ruwa ya taɓa cikin kofi, fuskar ciki sai ta buɗe nan take, ta waje kuwa tana nan da sanyinta. Ciki yana turawa, waje ya ƙi, sai a ji tsat. Abin da zai ba ku mamaki shi ne kofi mai kauri ya fi siriri saurin tsagewa. Ku dubi ƙananan kofunan da ake shan shayi da su a Agadas da sauran garuruwan Nijar. Ana tsiyaya musu shayi daga buta yana tururi, daga sama ma, amma ba kasafai suke fashewa ba, domin ƙanana ne marasa kauri, zafin yana game jikinsu kusan lokaci guda. Gilashin ɗakin gwaje-gwaje kuma ana haɗa shi da wani sinadari mai suna boron, wanda ke rage buɗewarsa zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na gilashin gida.

Dalilin nan ne ya sa bakanike ke hana ku watsa wa injin da ya ɗau zafi ruwan sanyi. Masu fasa dutse na gargajiya kuwa amfani suke yi da shi: su hura wuta a kan dutse har samansa ya buɗe ya bar ƙasansa, ya riƙa ɓarewa falle-falle.

Rami fa, buɗewa yake yi ko tsukewa?

Mutane da yawa suna zaton idan zoben ƙarfe ya yi zafi, ƙarfen zai kumbura ya shiga cikin ramin ya rage shi. Ramin ƙara faɗi yake yi, domin dukkan zoben ne yake girma, da'irarsa ta ciki da ta waje baki ɗaya. Shi ya sa idan murfin ƙarfe ya ƙi buɗuwa a kan kwalba, kuka tsoma murfin a ruwan zafi na ɗan lokaci, sai ya saki. Makera da kanikawa sun daɗe da sanin wannan. Sukan gasa zobe ya buɗe, su zura shi a kan sanda, idan ya huce ya kama ta kam, ba ƙusa ba walda.

Wannan hali yana aiki a kayan da kuke amfani da su kullum. A cikin tsinken auna zafin jiki na da, zaiba ce take buɗewa ta haura siririn bututu. A cikin dutsen guga na lantarki akwai wani ɗan falle da aka yi da ƙarfe iri biyu manne da juna. Ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, don haka idan zafi ya kai, fallen sai ya lanƙwashe ya yanke wuta. Ƙarar ƙyat da kuke ji fitilar dutsen ta mutu, ita ke nan. Masu ƙera agogo da kayan awo kuwa abin da ba ya buɗewa suke nema. A 1896 wani masani ɗan Suwizalan, Charles Édouard Guillaume, ya gano haɗin ƙarfe da nikel mai suna Invar, wanda buɗewarsa kusan kashi ɗaya cikin goma ce ta ƙarfe. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a 1920.

Kada ku haɗa buɗewar da zafi ke jawowa da ƙofar katako da ke ƙin rufuwa da damina. Ita danshi ta sha ta kumbura. Tsagewar ƙasar fadama da rani ma bushewa ce ta jawo ta.

Mai da gas da taya: ina ruwanku?

Fetur yana ƙara kusan lita 1 a kowace lita 1,000 a duk digiri 1. Tankar da ta ɗauko lita 33,000, idan man ya ƙara digiri 10 a hanya, za a auna kusan lita 300 fiye da abin da aka loda, alhali ko ɗigo ba a ƙara ba. Saboda haka a cinikin mai tsakanin ƙasashe ake mayar da awo zuwa digiri 15 kafin a yi lissafin kuɗi.

Wataƙila kun ji ana cewa a sha mai da sassafe ya fi auki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ribar ba ta taka kara ta karya ba, domin tankokin gidan mai a ƙarƙashin ƙasa suke, inda zafi ba ya sauyawa sosai tsakanin safe da rana. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ku cika jarka har wuya ku ajiye ta a rana. Tukunyar gas ma ana tsayar da cikinta ne a wajen kashi 80 cikin 100, a bar sauran don gas ɗin ya sami wurin buɗewa. Duk wanda ya matsa wa mai sayarwa ya ɗura masa fiye da haka, hatsari ya saya ya kai kicin.

Taya kuma, iskar da mai faci ya auna 32 da safe tana iya kai 36 bayan doguwar tafiya da rana. Masu ƙera taya sun yi lissafin wannan. Ku auna iska lokacin da taya take da sanyi, kuma kada ku sace iskar tayar da ta yi zafi, domin idan ta huce za ta zama ba ta da isasshiya.

To me ya sa ruwa ya fita daban?

A mafi yawan lokaci bai fita daban ba. Ruwan da aka ɗora a wuta buɗewa yake yi kamar kowa, kusan kashi 4 cikin 100 kafin ya tafasa, shi ya sa lagireton mota ke da 'yar robar da rarar ruwa ke komawa. Idan yana hucewa kuma tsukewa yake yi. Sai ya sauko digiri 4 ne labari ke canjawa. Daga nan ya daina tsukewa ya fara ɗan buɗewa, sannan a digiri 0, lokacin da ya daskare, ya ƙara kusan kashi 9 cikin 100 gaba ɗaya. Lita 10 ta ruwa tana zama kusan lita 11 ta ƙanƙara.

Yawancin abubuwa akasin haka suke yi. Ku narkar da kyandir ko man kaɗe ku zuba a gwangwani, idan ya daskare za ku ga tsakiyarsa ta lotsa. Masu zubin tukunyar alminiyam ma sun san narkakken ƙarfe yana raguwa idan ya kama jiki.

Sirrin ruwa yana cikin siffar ƙwayarsa. Kowace ƙwayar ruwa haɗin zarra uku ce: oksijin ɗaya a tsakiya, haidurojin biyu a gefe, a lanƙwashe. Ɓangaren haidurojin na wannan ƙwaya yana janyo ɓangaren oksijin na waccan. A cikin ruwa mai gudana, ƙwayoyin suna kama juna suna saki cikin gaggawa, suna cusa kai duk inda suka ga fili. Idan sanyi ya rage musu kuzari har suka kasa ƙwacewa, sai kowace ƙwaya ta riƙe maƙwabta huɗu, kowacce a ƙayyadadden gefe da ƙayyadaddiyar tazara. Tsarin da ke fitowa zobba ne masu kusurwa shida, tsakiyarsu fayau.

Ku tuna yara a dandali. Idan suna cuɗanya kowa yana ture kowa, ɗan wuri kaɗan ya ishe su. Idan aka ce su riƙe hannun juna su miƙe hannuwa su yi da'ira, yaran nan dai su ne, amma sai sun ci fili mai yawa, tsakiya kuma ba kowa. Ƙanƙara ita ce da'irar. Ɗan buɗewar da ruwa ke farawa daga digiri 4 kuwa alama ce cewa ƙwayoyin sun fara jeruwa tun kafin su daskare.

Ruwa ba shi kaɗai ne mai wannan hali ba, akwai wasu 'yan sinadarai kamar silikon da bismut da galiyam. Amma a cikin abubuwan da muke hulɗa da su yau da kullum, shi ne kawai.

Wane amfani ko illa wannan ke da shi?

Tunda ƙanƙara ta fi cin wuri, lita ɗaya tata ba ta kai lita ɗaya ta ruwa nauyi ba: gram 917 ne a kan gram 1,000. Shi ya sa take yawo a saman kofi. A teku ma duwatsun ƙanƙara suna yawo, kusan kashi 9 cikin 10 na jikinsu a ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Ɗaya daga cikin irinsu ne jirgin Titanic ya ci karo da shi a 1912.

A ganina babu inda wannan hali ya fi ban sha'awa kamar a tafkunan ƙasashen sanyi. Idan hunturu ya shigo, ruwan sama-sama yana hucewa ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso, har tafkin duka ya kai digiri 4. Daga nan duk ruwan da ya fi haka sanyi ya fi sauƙi, sai ya tsaya a sama ya daskare a can. Ƙanƙarar ta zama murfi mai hana sanyi ratsawa da sauri, kifaye kuma su ci gaba da rayuwa a ƙasa. Tafkin Baikal da ke Saiberiya ta Rasha, wanda zurfinsa ya wuce mita 1,600, yana yin ƙanƙara mai kaurin kusan mita 1 har motoci su bi ta kai, amma a ƙarƙashinta ruwa ne da halittu. Da ƙanƙara nutsewa take yi, da tafkuna da yawa daga gindi za su riƙa daskarewa har su cika, rana kuma ba za ta kai can ta narkar da su ba.

Illar kuwa tana cikin ƙarfin. Ruwan da aka kulle aka daskarar da shi yana iya turawa da ƙarfin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu kusan sau 2,000. Masana a birnin Florence na Italiya sun nuna wannan tun a shekarun 1660, inda suka cika ƙwallayen ƙarfe da ruwa suka daskarar da su har suka fashe. A watan Fabrairun 2021, lokacin da wani matsanancin sanyi ya afka wa jihar Texas ta Amurka, bututun ruwa sun yi ta fashewa a gidaje da tituna, miliyoyin mutane suka kwana da kwanaki ba tsaftataccen ruwa. A ƙasashen sanyi ruwan da ya shiga tsagar titi ko dutse yana daskarewa ya buɗa tsagar, ya narke ya ƙara shiga ciki, shekara bayan shekara har dutsen ya rabe.

Mu nan a firiza muka fi haɗuwa da shi. Ledar ruwa tana tsira ne saboda tana miƙewa. Kwalba ba ta miƙewa, lemo mai gas kuma ya fi hatsari domin ƙanƙarar tana korar gas ɗin ya taru a wuyan kwalbar. Idan za ku daskarar da zoɓo ko kunu ko miya, ku bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma na mazubin babu komai. Tumatir da ganye da suka daskare kuma, idan sun narke sukan yi laushi su zubar da ruwa, domin ƙanƙarar da ta fito a cikinsu ta huda ƙananan ɗakunan da ke riƙe ruwan jikinsu. Irin wannan tumatir ya yi a miya, amma ba zai yanku a kwaɗo ba.

Idan ƙanƙara ta narke, kofi zai cika ya zuba?

A'a. Ƙanƙarar da ke yawo ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta, idan ta narke sai ta koma daidai wurin da ta ture. Ku gwada: ku saka ƙanƙara a kofi, ku cika shi da ruwa har baki, ku jira ta narke.

Wannan yana da nasaba da maganar hauhawar teku da kuke ji a labarai. Ƙanƙarar da ke yawo a kan teku ba ta ƙara masa tsawo sosai idan ta narke. Wadda ke zaune a kan ƙasa, a Girinlan da Antatika da kawunan manyan duwatsu, ita ce ke ƙarawa, domin sabon ruwa ne yake gangarowa. Sai kuma buɗewar ruwan tekun kansa yayin da yake ɗumama. Rahoton 2021 na kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna teku ya ƙara kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma kusan rabin ƙarin da aka samu daga 1971 zuwa 2018 buɗewar ruwa ce kawai saboda zafi. Biranen gaɓa irin su Legas da Kwatano da Ankara, inda Hausawa da yawa ke zaune suna kasuwanci, suna cikin waɗanda wannan ƙari ke shafa ta hanyar ambaliya da zaizayar gaɓa.